Waya Mai Kunne

Mutumin ya jira sai da matar da ke gabansa ta karɓi wayarta ta sauka, sannan ya matso ya kifa ƙirji a kan teburin Chausiku, har turarensa ya danne ƙaurin dalmar da take narkarwa.

"Fundi," ya ce ƙasa-ƙasa, kamar yadda ake kiran mai gyara a nan, "irin taki nake so a sa min a wannan. Amma mai kunnen."

Chausiku Mbwana ta ɗago ta dube shi, ta dubi wayar. Kunkuru ce, irin tsofaffin wayoyin nan da suka cika kasuwar Kariakoo, waɗanda ko daga kan bene suka faɗo sai dai ƙasa ta ji jiki. Kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da yaye su. Ya daina aiko musu da gyara, manhajojin hira suka fara ƙin buɗewa, sai aka wayi gari ga waya lafiya lau a hannun talaka amma ba ta da amfani sai haska hanya. Chausiku ce ta tashe su. Akwai wata buɗaɗɗiyar manhaja mai tafiyar da waya gaba ɗaya, wadda masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban suke rubutawa, kowa na iya ganin cikinta, kowa na iya ɗauka. Ita ta zauna ta yi ta fama, damina ta zo ta wuce, har ta daidaita ta da kunkuru: kyamara ta buɗe ido, layi ya kama, batir ya daina zafi. Ta ɗora ta a intanet kyauta. Duk wani mai gyara a titin Aggrey ya kwasa. Abin da ta rage wa kanta layi ɗaya ne can cikin bayanin waya, inda aka rubuta sunan mai kula da aikin. Ba ta da gida nata, ba ta da mota, amma tana da wannan layin.

"Wane kunne?" ta ce. "Sifika ce ta mutu?"

Ya yi wata 'yar dariya ya waiga hagu da dama. "Haba Dada 'yar'uwa, kar ki mai da ni baƙo. Ta uwar yara ce. Abokina ya ce in aka sa, wanda ta kira, abin da ta rubuta, inda ta taka, duk a wayata zan gani. Ko ajiye ta ta yi a ɗaki tana gulma da ƙanwarta, zan ji. Layi ne ya yi yawa wurin Lusajo a ƙasa, na ce bari in hau in sha daga tushe."

Ta ajiye ƙarfen dalmar a hankali, don ta san idan ya ci gaba da zama a hannunta za a yi abin da ba a so.

"Me Lusajo yake kiran abin?"

"Ta Chausiku mana. Kowa haka yake cewa. Ta Chausiku mai kunne."

Tsigar jikinta ta tashi kamar ta sa hannu a aljihu ta damƙo mataccen ɓera. Ta tura masa wayar da bayan sukurdireba, don ba ta ma son taɓa abin da ya taɓa.

"Ɗauki. Sauka. In ka ƙara hawowa nan sai na kira matarka a gabanka."

Ya tafi yana gunaguni, wai mata ba su iya kasuwa ba. Ita kuwa ko rufe durowa ba ta yi ba ta bi bayansa.

Shagon Lusajo yana ƙarƙashin matakala, kuma lalle akwai layi. Maza ne zalla, kowa da waya biyu a hannu, ɗaya tasa, ɗaya mai riga ruwan hoda ko mai hoton jariri a baya. Sun yi tsit kamar masu jiran boka. Lusajo Mwakalinga yana zaune ya baje tumbi, yana tsinkar dankali da ƙwai daga leda, ɗaya hannun kuma yana danna kwamfuta. A da teburinsu ɗaya da Chausiku. Ita ta koya masa yadda ake buɗe makullin waya a yi mata filashin ba tare da an mai da ita bulo ba.

"Dada Chau!" ya ce da cikakken baki. "Sauko da girmanki. Ku matsa wa malamata."

"Me ka cusa a cikin aikina?"

"Ɗan ƙari ne. Miya ce na ga ba gishiri."

"Lusajo, kai da kanka? Kana da 'ya'ya mata fa."

"Su ma duk na sa musu," ya ce, ya lashe yatsa. Layin ya kwashe da dariya.

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Abin da ya fi tayar mata da zuciya shi ne babu ko ɗigon kunya a fuskarsa. Da ya yi tsuru-tsuru, da ya musanta, da ta samu inda za ta kama. Amma mutumin nan murna yake yi da ganinta.

"Ka cire sunana," ta ce.

"A'a, ban isa ba." Ya ɗaga hannu kamar mai rantsuwa. "Ba ke kika tara mu wurin mai shayi kina mana wa'azi ba? Kika ce wannan manhaja 'yantacciya ce: ka ɗauka, ka duba, ka canza, ka sayar in ka ga dama. Sharaɗi ɗaya, kar ka goge sunan wanda ya yi wahala. To ni ɗalibi ne mai riƙe karatu. Ban goge ba."

"Na kuma ce duk wanda ya ƙara abu ya faɗi abin da ya ƙara, ya sa nasa sunan."

"Wannan ranar ban zo ba." Ya sake tsinko dankali. "Ki kai ƙarata wurin abokanki na intanet, su aiko min da fushi daga Jamus."

Wani mai gyara daga shagon gefe ya leƙo. "Dada, bar shi ya ci abinci. Aure yake gyarawa."

"Kai rufe mana baki, Kibwana, kai da matarka ta gudu da janareta."

Aka sake dariya, har shi Kibwanan. Nan ta gane wasa suka ɗauki abin, irin wasan da ake yi kullum a wannan bene, kuma duk zagin da za ta yi sai dai ya ƙara musu daɗin hira.

Lusajo ya goge baki, ya rage murya, ya koma mai ba da shawara. "Tsaya in faɗa miki gaskiya don Allah. In na sa sunana wa zai yarda? Amma mutum ya koma gida ya ce, 'Maman wane, na kai an sa miki ta Chausiku, wayarki ta dawo sabuwa.' Sai ta duba ta ga sunan mace 'yar'uwarta, wadda ake ta yabo. Har godiya take yi. Wata ma har kaza take yankawa. Sunanki shi ne jarin, Dada. Kin ga kuwa ba zan taɓa shi ba."

Yawu ya taru a bakinta, mai ɗaci. Ta juya ta tofar a kwatar da ke bakin shagon, ta hau bene.

Ta wanke hannu da sabulu duk da ba ta taɓa komai ba. Mai soyayyen rogo ta kawo mata na rana, ta bar shi ya huce a takarda. Ta buɗe kwamfuta da niyyar sauke aikin daga intanet, sai ta tsaya: ta sauke me? Yana cikin kwamfutar kowane mai gyara daga nan har Mwanza. Abin da ka ba duniya ba ka karɓe shi. Ta rubuta gargaɗi a shafin manhajar, ta karanta, ta ga su wa za su gani? Samari masu jin Turanci a ƙasashen da ba su san kunkuru ba. Matar da ke soya kifi a unguwar Mbagala ba za ta taɓa gani ba. Ita dai abin da za ta gani shi ne Chausiku Mbwana, ranar da asiri ya tonu.

Ta tuna yadda take tafiya a titin nan mata masu talla suna ɗaga mata waya suna cewa, "Fundi, tana nan da rai!" Yanzu ba ta san nawa ne daga cikinsu suke ɗaga mata kunnen mazajensu ba. Ta yi wa kanta alkawari: duk wayar da ta shigo hannunta da wannan ƙazanta, sai ta wanke ta tas, ko ba a biya ta ko sisi ba.

Bayan la'asar sai ga wata mata ta hawo. Ba yarinya ba ce, ta lulluɓe da zannuwan kanga biyu, ƙarnin kifi na binta. Ta tsaya nesa da teburin har sai da wani saurayi mai neman caja ya gama ya tafi. Sannan ta fito da robar abinci daga jaka, ta buɗe, ta warware tsumma, ta warware safa, sai ga kunkuru.

"Fundi," ta ce da ƙarfi, da irin muryar da ake yi don wani ya ji, "batir ne yake saurin ƙarewa."

Amma idonta ba maganar batir yake yi ba. Ta danna wayar, ta bi hanyar da aka nuna mata har ta kai bayanin waya. Ta ɗora farce a kan sunan, ta nuna Chausiku, ta ɗaga gira. Chausiku ta gyaɗa kai, kunya ta rufe ta kamar an kama ta da kayan sata. Matar ta ɗora yatsa a leɓe. Ta nuna kunnenta, ta nuna wayar.

Chausiku ta kama hannunta ta matse. Ta nuna mata kujera.

"Batir ne kam," ita ma ta ce da ƙarfi. "Zauna in duba."

Ta soka kebul. Ba ta sha wahalar nema ba, don Lusajo ko ɓoye ɓarna bai iya ba. Ga abin nan ya lafe a cikin tsarin wayar, an laƙa masa suna mai kula da batir, yana da izinin makirufo, da kyamara, da saƙonni, da wurin da mutum yake. Yana nan yana aiki a lokacin, yana tattara numfashin mutum biyu yana aikawa. Ya yi kama da kaska a kunnen kare, ya sha ya ƙoshi. Kuma duk yana ƙarƙashin sunanta.

Hannunta ya san aikinsa ko ba ta yi tunani ba. Mai gyara na ƙwarai ba ya wanke waya sai ya kwashe dukiyar mai ita, kuma Chausiku ba ta taɓa ɓatar wa kowa da hoto ko ɗaya ba. Ta kwashe lambobi. Ta kwashe hotuna: yara uku a bakin teku, wata tsohuwa a kan tabarma, kifi a faranti iri-iri. Ta kwashe saƙonnin murya, har waƙoƙin coci. Ta duba ta sake dubawa, babu abin kirki da ta bari. Sannan ta kashe wayar, ta tashe ta ta ƙofar baya, ta zaɓi a share komai. Wayar ta tambaya ko ta tabbata. Ba ta taɓa tabbata da wani abu kamar wannan ba.

Tana kallon layin yana cika, wani sanyi yana sauka a ƙirjinta, irin wanda mace ke ji in ta kankare ƙanzon tukunya. Ta ɗora tata manhajar, tsarkakakkiya, ta mayar da hotuna da lambobi kowanne mazauninsa. Ta zare kebul ta ajiye wayar a gaban matar.

"To Mama, yanzu yi magana son ranki. Ta kurumce."

Matar ta dubi wayar, ba ta yarda ba tukuna. "Ba ya ji?"

"Ko bango ya fi ta ji."

Sai matar ta saki wata ajiyar zuciya, kafaɗunta suka sauko. Ta ce ana kiranta Mama Shukuru, daga Mbagala, kifi take sarowa a bakin ruwa ta soya. Mijinta direban daladala ne, ƙaramar bas ta haya. Magana ta ɓalle mata kamar an fasa randa.

"Tun da ya kawo min wayar nan daga gyara ban ƙara yin magana ta zama tawa ba. In na ce wa ƙanwata kaina na ciwo, ya dawo ya ce yaya kan. Ranar da na ce mata na gaji, zan kwashi yara in tafi gida Kilwa, na dawo na tarar da shi zaune a kan akwatina. Ya maimaita min maganata, har inda na yi tari." Ta ja kanga ta rufe wuyan hannunta, amma Chausiku ta riga ta ga tabon. "Ya ce a mafarki ake nuna masa. Uwarsa ta yarda, har tana gaya wa mutane ɗanta na da baiwa. Na gaya wa 'yan'uwana waya ce, suka ce ciwon kai ya kama ni, waya ba ta da kunne. An kai ni an yi min addu'a, Fundi. Ni aka danne aka yi wa addu'a."

"Allah ya isa," in ji Chausiku. "Amma ya ƙare. Daga yau..."

"Kawuna zai zo ranar Lahadi," matar ta ci gaba, fuskarta ta ɗan yi haske. "Da ƙyar ya yarda. Za a zauna, danginsa da nawa. Ya ce shi ba ya raba aure da zancen mafarki, in kawo abin da ido zai gani, in ya gani da kansa zai tafi da ni da yarana. 'Yar maƙwabciyata ce ta nuna min sunanki. Na ce to, mai sunan nan ita ta san inda abin yake kwance. Ba gyara na zo ba, Dada. So nake ki zo ranar Lahadi ki buɗe ta a gabansu, ki nuna musu: ga shi, ga ranar da aka sa, ga lambar da yake kai wa. Shi ke nan roƙona. Kafin nan kar a taɓa komai. Ki kashe masa kunnen na ɗan lokacin nan kawai, kamar yadda kika yi, in zan tafi ki kunna."

Hayaniyar titin Aggrey ta ci gaba da shigowa ta taga, masu kiran fasinja da masu tallar gilashin waya.

"Na goge," in ji Chausiku.

"Kin me?"

"Na wanke ta gaba ɗaya. Hotunanki suna nan, da lambobinki, babu abin da ya ɓata..."

"Abin fa? Shi abin?"

"Ban ajiye ba. Ƙazanta ce, Mama. Ba a ajiye..." Garin neman gira ta tsone wa baiwar Allah ido, kuma ko tambayarta ba ta yi ba. Sunanta take wankewa, ba ta tsaya ta ga a jikin wa take goge hannu ba.

Mama Shukuru ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta ɗauki wayar ta juya ta gaba da baya kamar mai neman inda abin ya maƙale.

"Zan zo ranar Lahadin," Chausiku ta ce da sauri. "Zan faɗa musu da bakina na gani, na rantse."

"Ki ce musu me? Kin gani kin share? Sunanki ne a ciki, ba na mijina ba. Zai ce in ma akwai abu, ke kika sa, ke kika cire, mahaukaciya ta samo abokiya." Sai kuma ta tsaya cak, wani tunanin ya zo mata, fuskarta ta canza. "Yana dubawa. Duk in ya sauke fasinja a tasha sai ya duba. In ya ga shiru fa?"

"Zai ga kamar wayar a kashe take."

"Zai kira. Ta yi ƙara, in ɗauka, shi kuma bai ga komai a tasa ba. Ya san na sani ke nan." Ta miƙe tsaye. "Fundi, yarana suna gida."

"Ki kwana wurina. Mu je mu ɗebo su yanzu."

"Uwarsa ce ke riƙe da su in na fita. Kina jin za ta ba ki?" Ta tura wayar a kan teburin har ta taɓa hannun Chausiku. "Mayar."

"Mama..."

"Mayar min da shi yadda yake. Lahadi ta riga ta lalace, wannan tsakanina da Allah ne. Amma yau sai na kwana a gidan nan. Ki mayar kafin ya kai tasha."

Chausiku ba ta da abin. Ba ta taɓa mallakarsa ba, ba ta san yadda aka ɗaura shi da wayar mijin ba. Mutum ɗaya ne a duk benen nan ya sani.

Ta ɗauki wayar. Matakalar da ta hau ɗazu da fushi ita ta sauka yanzu, Mama Shukuru na biye da ita, ta tsaya a tsakiya ta rufe fuska da kanga don kar wani direba ya gane ta. Layin bai ragu ba, sababbin fuskoki ne kawai. Wani dattijo mai hular saƙa ya waiga, ya ga ko wace ce, ya dafe ƙirji.

"Kai jama'a, ku ba ta hanya, ita ce fa mai abin! Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kin zaunar mana da gidaje."

Suka dare mata, wasu har da ɗan rusunawa. Ta ratsa ta tsakiyarsu tana riƙe numfashi. Ba ta san wa ta fi ƙyama ba a lokacin, su ko kanta.

Lusajo ya dubi fuskarta, ya dubi kunkurun da ke hannunta. Bai yi dariya ba. Ya jawo tsumma ya goge maiƙon yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shirin aikin girmamawa.

"Ka sa mata," ta ce. "Yadda take a da. Yanzu-yanzu."

"An gama, malamata." Ya karɓa ya soka kebul. "Lambar maigidan?"

Chausiku ba ta sani ba. Dole ta juya, a gaban mazan nan duka, ta ɗaga kai ta dubi matakala. Daga bayan kanga Mama Shukuru ta fara karanto lambar a hankali, ita kuma tana maimaita wa Lusajo.